Awon haske

Shekara 14 ginin ya ci. Tun ranar da aka kafa turakun filin a bayan garin Damagaram, lokacin da ba a ganin komai a wurin sai gonakin hatsi da manyan duwatsu, har ranar da mai fenti ya wanke hannunsa, malamin yana ɗebe wani abu daga albashinsa kowane wata: wannan wata buhun siminti biyar, wancan wata ƙarfen gini, wani watan kuma ba abin da ke shiga filin sai haƙuri. Malamin tarihi ne a wata kwaleji, ya kusa ajiye alli. Da aiki ya ƙare, gidan ya fito yadda aka zana shi a takarda: falo, ɗakuna huɗu, madafa, sai kuma wani ɗaki mai faɗin mita 3 da rabi da tsawon mita 4, wanda mai zanen ya rubuta wa «salle à manger». A gidan da malamin ya tashi, cikin Birni, babu ɗaki mai irin wannan suna, Hausa ma ba ta ware masa kalma tasa ba, sai dai a kewaya a ce ɗakin cin abinci.

A tsakiyar rufin ɗakin, mai ɗaura wayar kuran ya bar bakin waya biyu naɗe da baƙar roba. Wata shida suka yi suna reto a can, ana wucewa ƙarƙashinsu ba mai ɗaga kai, har daren da uwargida ta kawo maganar. Ungozoma ce a wani gidan haihuwa, tana zubin adashi na jika 10 kowane wata tare da abokan aikinta, su 12, ga shi kwasarta ta zo.

— Malam, ɗakin nan ba za a rataya masa ƙwai tsirara ba. Fitila mai rassa nake so, irin mai ɗigon ƙarau.

— Hajiya, ai ƙwai ɗaya ya isa mutum ya ga akushinsa.

— Ko cikin duhu hannu ba ya ɓata hanyar baki. Ba don a ga akushi nake so ba.

Bai amsa ba, domin ya san abin da ke bayan maganar. Su biyar suka yi karatun lakwal a gindin fitilar ƙwai guda, ita da ƙannenta, kowa yana jawo littafinsa kusa da gilas, ranar da kananzir ya ƙare kuwa a kwanta da wuri. Ta sha ba shi labarin yadda ta yi bitar jarrabawarta ta ƙarshe a gindin fitilar titi, ƙwari suna faɗowa kan takarda. Macen da ta yi haka, idan ta ce tana son haske ya yi yawa a gidanta har ya zama ado, ba a yi mata saurin hukunci.

Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, kuma tarihin da ya sani shi ya hana ta kwanciya. Wannan fitila, wadda Faransawa ke kira «lustre», a coci-cocin Turai ta fara: katako biyu a gicciye ko zoben ƙarfe, a kafa kyandir a kai, a ja da igiya zuwa sama. A Hildesheim ta ƙasar Jamus akwai wata ta ƙarni na 11 wadda faɗinta ya kai kimanin mita 6. Daga coci ta shiga fadoji, domin kyandir ɗin kakin zuma abu ne mai tsada, wanda ya iya ƙona ɗari a dare guda ya gaya wa baƙinsa matsayinsa ba tare da ya buɗe baki ba. A 1674 wani Bature ɗan Ingila, George Ravenscroft, ya sami izinin sarki a kan sabon gilas ɗinsa, wanda daga baya ya kyautata da darma. Gilas mai darma yana yankuwa da kyau, yana tarwatsa haske zuwa launuka. Masu aikin gilas na Bohemiya da na tsibirin Murano suka yi suna a wannan fanni, masana'antar Baccarat ta Faransa kuma aka kafa ta a 1764. Amfanin ɗigon ƙarau a wancan zamani a fili yake: harshen kyandir rarrauna ne, kowane ɗigo yana kama shi ya maimaita shi, wuta goma ta yi kama da ɗari. Yau da ƙwan lantarki guda ya fi tarin kyandir haske, ɗigon ya rasa aikinsa na asali, saura ƙawa. Shi kansa ɗakin da ake ware wa cin abinci bai yaɗu a gidajen masu hali na Faransa ba sai cikin ƙarni na 18. Malamin yana ganin an kawo masa ɗaki daga wata ƙasa, yanzu kuma ana neman ya sayo wa ɗakin rawani daga wani zamani.

Sai dai tarihin nan da ya ba shi hujja shi ne kuma ya rage mata ƙarfi. Ba Turawa kaɗai suka ɗaga kai suka so ganin ƙyalli a sama ba. A masallatan Alƙahira na zamanin Mamaluka, cikin ƙarni na 14, an rataya fitilun gilas masu zane da sarƙa, da yawa an rubuta musu ayar haske ta Suratun Nur. A nan gida ma, maginan Hausa idan suka ɗaura bakan gizo suka haɗa ɗaurin guga, sukan kafa tasa ko faranti mai ƙyalli a daidai mahaɗar, a ƙololuwar soro, don ido ya sami inda zai sauka. A bango kuma ga alkuki, inda ake ajiye aci-balbal da lagwaninta cikin man gyaɗa. Ya tuna ɗakin mahaifiyarsa: jeren tasoshi da kwalla tun daga ƙasa har kusa da azara, fitila guda tana ci, amma kowace tasa ta ɗauki rabonta na hasken ta mayar. Dabarar ɗigon ƙarau ke nan, da wasu kaya. Abin da uwargida ke nema jere ne, sai dai nata a sama za a rataya shi.

Ran Asabar suka tafi wani shagon kayan lantarki a Sabon Gari. Fitilu sun cika rufin shagon kamar nonon inabi, kusan dukansu daga ƙasar Sin, inda gari guda, Guzhen na lardin Guangdong, ya shahara da wannan sana'a. Ƴan kasuwa ke kawo su ta Dubai ko ta Kano. Mai shagon ya kunna musu uku. Ta farko hawa uku ce, mai ƙwai 12 siffar kyandir da ɗigo ba iyaka, faɗinta santimita 80. Ta biyu zobe ce ta zamani, fara fat, mai canza launi da ɗan maɓalli na hannu. Ta uku mai rassa biyar ce na ƙarfe ruwan tagulla, kowane reshe ɗauke da ƙoƙon gilas mai hazo yana kallon ƙasa. Idon uwargida bai bar ta farko ba.

— Alhaji, wannan ƙarau ne na gaske?

— Hajiya, gilas ne mai kyau. Na gaske sai gidan sarakuna. Amma akwai masu sayar da roba su ce gilas. Ki ƙwanƙwasa ɗigo biyu, gilas yana da amo da nauyi da sanyi a hannu, roba ba ta da ko ɗaya.

Kuɗinta jika 120, daidai da kwasar adashi, kamar an auna. Malamin ya roƙi a dakata har mai gyaran kuran ya ga ɗakin, ta yarda ba da son ranta ba.

Mai gyaran saurayi ne, tsohon ɗalibin malamin, ya zo da tsani da awo. Abin da ya faɗa cikin minti goma ya fi dukan gardamar da aka yi cikin mako biyu amfani. Fitilar da ke kan tebur, in ji shi, da tebur ake auna ta: faɗinta ya kasance tsakanin rabi da biyu bisa uku na faɗin tebur. Teburin gidan santimita 90 ne, ke nan fitila daga 45 zuwa 60. Mai 80 za ta danne shi, wanda ya miƙe daga kujera ya yi karo da ita. Gindinta kuma ya tsaya santimita 75 zuwa 90 sama da tebur: in ta yi ƙasa ta tare fuskar wanda ke zaune gabanka, in ta yi sama hasken ya watse. Ya ƙwanƙwasa rufin ya ce katako ne siriri, ba zai ɗauki nauyi ba, sai an huda an ɗaure ƙugiya a jikin ƙarfen da ke sama. Ya nuna inda ake son sa panka ya ce a raba su, domin fiffiken panka idan ya gitta ƙarƙashin haske yakan sa ɗaki ƙyafta ido har kai ya yi ciwo, ga shi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba wanda zai zaɓi fitila ya bar panka.

Ya zo kan ƙwai. Irin na da mai wat 60 yawancin ƙarfinsa zafi yake zama. Na LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da shi. Biyar na da wat 300 ke nan, biyar na yanzu 45. Ya ce a duba lambar da ke jikin kwali: 2700 ko 3000 haske ne mai ɗumi, ruwan zuma, wanda ke fito da jan miya da launin fatar mutum, 6500 fari ne mai shuɗi-shuɗi irin na asibiti, tuwo ƙarƙashinsa kamar ya kwana. A ƙarshe ya yi murmushi ya ce:

— Mushe, wa zai riƙa wanke ta? Hunturu ɗaya ya isa ya mai da ɗigon nan ja. Da damina kuma duk ƙoƙon da ke kallon sama kabarin ƙwari ne.

Akwai kuma abin da babu buƙatar ya faɗa, domin kowa a gidan ya san shi. Kuran ɗin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana zuwa daga Nijeriya ta layin Katsina, kuma a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yanke shi har cikin 2024. Mutane sun ga yadda fitila mai ƙwai 12 da mai ƙwai ɗaya ke zama daidai idan waya ta mutu. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a gidansa, malamin yana jin nauyin rataya irin wannan abu, ko da kuɗin halal ne, ko da ba nasa ba ne.

Amma duk wannan bai taɓa ainihin matsalar ba. Mai gyaran ya ce da tebur ake awo. To, wa ke ci a kan teburin? Wata shida da tarewa, bai ɗauki abinci ba sai sau uku, duka ranar da aka yi baƙi. Sauran kwanaki takardun ɗalibai ne a kansa. Malamin yana cin tuwon dare a ƙofar gida tare da maƙwabta biyu, ciyayya irin wadda ya gada. Uwargida tana ci a ɗakinta ko a madafa. Yara kuma suna kewaye kwano a tsakar gida tare da kakarsu. Kowa yana da wurinsa, kunya ce ta raba wuraren, kuma babu wanda ya taɓa jin an ware shi.

Inna, mahaifiyar malamin, ta haura shekara 80. Ta bar Birni ta biyo ɗanta sabon gida da tabarmarta da butarta. Yana ta fara rufe mata ido. Likita ya ce aiki ne ɗan ƙanƙane, ita kuwa kullum sai ta ce a bari sanyi ya wuce, in ya wuce ta ce a bari zafi ya wuce. Cikin ƴan watannin nan ta rage cin abincin dare. Tana taɓa loma biyu ta ture kwano ta ce ta ƙoshi, ɗanta ya ɗauka tsufa ne. Uwargida ce, wadda aikinta kallon jikin mutane ne, ta lura cewa da rana Inna tana cin abincinta sarai. Ƙwan da ke tsakar gida yana can nesa a kan bangon madafa, a bayanta, inuwarta tana faɗawa cikin kwano. Ba ta ganin inda miya take, ba ta ganin ƙashi, sau biyu ta zubar a zanenta gaban jikoki. Tsohuwa mai mutunci ta gwammace yunwa da wannan. Idon ɗan shekara 60 ma yana buƙatar haske ninki biyu ko uku na abin da ya ishi matashi, balle na wadda ta ba 80 baya.

Uwargida ba ta gaya wa mijinta nan da nan ba. Sai da aka yi suna a gidan wani ɗan kasuwa na unguwar, ta raka Inna barka. A falon akwai fitila irin wadda take mafarki, har ta fi ta girma, an kunna ta da rana tsaka don baƙi. Mata suna ta yabo. Ita kuwa ta juya ta ga surukarta ta ja mayafi ta kare fuska, ido yana hawaye, tana laluben bakin ƙofa da ƙafa. Ido mai yana ba ya jure wa ƙyalli: kowane ɗigon haske mai kaifi yana tarwatsewa cikinsa ya zama hazo, mutum ya rasa ganin abin da ke gabansa. A hanyar komawa Inna ta ce a hankali:

— Ƴar nan, gidan mutanen nan akwai arziki, amma ban ga fuskar kowa ba.

Daren nan, bayan yara sun kwanta, uwargida ta sami mijinta yana gyaran takardu a kan teburin da tocila a gefe.

— Malam, gobe ka koma wurin Alhaji. Mai rassa biyar za ka ɗauko.

— Ba mai ɗigon ba?

— Na ce mai rassa biyar. Kada ka tambaye ni sau biyu, don ban tabbata zan maimaita ba.

Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba, ba kuma murna take ba. Shekara guda ta yi tana zubi da hoton wata fitila a ranta. Da ta gaya masa dalili, kunya ta kama shi: shi da ya kawo hujja daga ƙarni na 11, bai ga abin da ke faruwa a tsakar gidansa ba.

Ranar ɗaurawa aka sake wata gardamar, wannan karon da mai gyara. In an bi ƙa'ida, gindin fitilar zai tsaya kimanin santimita 155 daga ƙasa, tunda tsayin tebur 75 ne. Uwargida ta ce a matsa teburin wajen taga, a bar tsakiyar ɗaki don tabarma. Saurayin ya ce in haka ne dole a rage sarƙa fitilar ta koma mita 2 da santimita 10, don kada mai tsayi ya buga kai, kuma teburin ba zai sami haske yadda littafi ya ce ba.

— Wanda ya rubuta littafin bai san Inna ba, in ji ta. Rage sarƙar.

Ya rage. Ya sa ƙwai biyar masu lamba 3000. Da ragowar kuɗin aka sayi panka ta tsaye, aka kuma kafa ƙwai mai batir a bango da makunninsa daban, wanda ke ci na ƴan awoyi idan an ɗauke kuran. Malamin ya lura cewa an sa shi daidai tsayin da alkuki yake a ɗakin Birni, amma bai ce komai ba.

Shigo da Inna ɗakin ya fi ɗaura fitilar wuya. Ta ce ita ba ta cin abinci a ɗakin Nasara. Ba wanda ya matsa mata. Kwana huɗu tabarma tana shimfiɗe ba kowa, sai ran na biyar iskar hunturu ta taso da ƙura, autan gidan ya ɗauki kwano ya shige ciki, ya ce shi ba zai ci ƙasa ba. Kaka ta biyo jikanta tana faɗa. Ta zauna ta ba tebur baya, ta wanke hannu, ta yi bisimilla. Hasken yana saukowa daga ƙoƙunan nan biyar a tausashe, ba inuwa cikin kwano. Ta ɗan yi shiru tana duban tuwon, sa'an nan ta sa yatsa ta fitar da wani ɗan ƙashi ta ajiye a bakin faifai.

— Ashe kuɓewa ce yau, in ji ta.

Ta cinye rabonta, ta ce a ƙaro miya.

Gidan bai koma irin na hoton mujalla ba. Malamin yana nan yana ciyayya a ƙofar gida, uwargida har yanzu ba ta cin abinci gaban surukarta, teburin kuma yana jiran baƙi da takardun jarrabawa, a wurin da hasken bai cika kai masa ba. Abokan aikin uwargida da suka zo ganin abin da adashi ya saya sun yaba da ladabi, ɗaya ta ce ta zaci za ta fi haka girma. Uwargida ta ji maganar, ta kuma yi mata zafi. Wani lokaci idan ta bi ta Sabon Gari takan rage tafiya a gaban shagon. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan gida an tarar cewa kafin a auna faɗin tebur da tsayin rufi, sai an fara sanin idon wa za a yi awon da shi.

Ranar da malamin ya je biyan kuɗi, mai shagon ya ba shi gyara: ɗigon gilas guda da ya ɓalle daga babbar fitilar. Uwargida ta ɗaure shi da zare a jikin tagar madafa, inda rana ke bugunsa da hantsi ya zuba launuka a kan tukwane. Inna kuwa ta ce in an sha ruwan azumi za ta je a duba idon, tunda yanzu ta ga akwai abin gani.